Yadda ake adana haɗin bakteriya don kada gwajin kumburi a jikin dabbobi ya yaudare ka

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Sakkwato ya san halin watan Afrilu. Zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke tun azahar, janareta ba ya kwana a kunne, firiza tana ta zufa a lungu. Kuma daidai wannan lokaci ne ɗalibai masu neman digiri na biyu ke rige-rigen gama aikin benci.

A irin wannan wata ne wata ɗaliba ta same ni da takardunta tana murna. Tana gwada ruwan ganyen sabara ne a kan fararen ɓeraye, ta ga ko yana rage zazzaɓi da kumburin da gubar bakteriya ke tayarwa.

"Malam, duba ka gani, sabara ta yi aiki. Ko ɗaya bai yi zazzaɓi ba."

Na ce, "Madalla, Malama. Wace kwalba kinka ɗiba?"

"Wadda munka haɗa tun Fabrairu, Malam. Tana nan cikin firiji."

Ɓerayen da ba a ba magani ba, tun Fabrairu aka yi musu allura da sabon haɗi. Waɗanda aka ba sabara kuwa sai a Afrilu, da ragowar haɗin nan da aka tsinka shi da ruwa sosai, ya yi makonni a kwalba. Muka ɗauki ɓeraye kaɗan da ba su sha komai ba muka yi musu allura daga kwalbar. Su ma ba su yi zazzaɓin kirki ba. Ta yi kuka, ni ma raina ya ɓaci, domin laifin ba nata ita kaɗai ba ne: babu wanda ya zaunar da ita ya gaya mata cewa abin da ke cikin kwalbar shi ne mudun da ake auna komai da shi. In mudu ya lotsa, duk awon da ya biyo baya ya tashi a banza.

Wannan matsala ta girmi kowa a cikinmu. A 1879, a ɗakin binciken Louis Pasteur a Faransa, an bar ƙwayoyin kwalarar kaji sun daɗe a ajiye. Da aka yi wa kaji allurarsu, sai suka ɗan yi rashin lafiya suka warware, maimakon su mutu. Shi Pasteur ya ci ribar abin, ya gano hanyar rigakafin wannan cuta. Kai da kake gwada magani, irin wannan rauni na ƙwaya ƙarya zai sa ka rubuta ba ka sani ba.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Ba duk haɗin bakteriya ne ake ajiyewa iri ɗaya ba. Yawanci ɗaya daga cikin uku ne.

Akwai gubar bangon ƙwaya da ake kira endotoksin ko LPS, wadda ake cirowa daga bakteriya irin E. coli da Salmonella, ta zo maka gari fari a ƙaramar kwalba. Akwai matattun ƙwayoyi ko gutsattsarin bangonsu, ciki har da haɗin Freund cikakke, wato matattun ƙwayoyin tarin fuka a cikin man farafin, wanda ake tayar da ciwon gaɓɓai da shi a ƙafar ɓera. Sai kuma ƙwayoyi masu rai.

Kowanne da irin lalacewarsa. Gubar LPS ba ta mutuwa da sauƙi, amma tana maƙalewa a jikin kwalba, tana kuma dunƙulewa. Matattun ƙwayoyi suna kwantawa a gindi ko su farfashe. Masu rai suna mutuwa, ko su hayayyafa, ko su canza hali. Kafin ka buɗe komai, karanta takardar da kamfani ya haɗo da shi, ka kwafe sunan ƙwayar, da nau'inta, misali O111:B4 ko O55:B5, da lambar zubin da aka buga a jikin kwalba. Zubi biyu na kamfani ɗaya suna iya bambanta a ƙarfi, saboda haka ka sayi abin da zai ishe ka aikin gaba ɗaya daga zubi guda.

Mataki na biyu: gyara wurin ajiya tun kaya ba su iso ba

A nan yawancinmu muke faɗuwa. Mutum ya yi odar kaya daga Legas ko daga waje, su iso, sannan ya fara yawon neman inda zai saka.

Nemi firiji mai riƙe digiri 2 zuwa 8, da firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili. Firizar kada ta zama irin ta zamani mai narkar da ƙanƙararta da kanta, domin tana ɗumama kanta lokaci-lokaci, kayanka su riƙa narkewa suna sake daskarewa kana barci. Firiza mai buɗewa ta sama ta fi riƙe sanyi idan wuta ta tafi. Cika sauran wurin da robobin ruwa daskararru, su ne za su riƙe maka sanyin dare. Kayanka su zauna can ƙasa, a tsakiya, cikin akwati mai murfi. Ƙofar firiji ba wurin ajiyar kayan bincike ba ce.

Saka ma'aunin zafi mai nuna mafi sanyi da mafi ɗumin da aka kai, ka riƙa rubutawa safe da yamma a takardar da ka manna a murfi. In babu shi, daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ka ɗora tsabar kuɗi a kan ƙanƙarar. Ran da ka tarar tsabar ta nutse, ka san firizar ta narke ta sake daskarewa a bayan idonka. Wannan dabara ba ta gaya maka digiri, amma ba ta ɓoye maka gaskiya.

Ka kuma san tun yau inda za ka gudu da kaya: wane ɗakin gwaji ne ke da sola, wa ke riƙe da makulli, ina akwatin sanyi irin na masu rigakafi da ƙanƙararsa. In aikinka da ƙwayoyi masu rai ne, sai ka nemi alfarmar wuri a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, ko a tulun ruwan naitirojin.

Mataki na uku: ranar da za ka narka LPS

Wannan rana ita ce aikin. Abin da ka yi a cikinta shi zai bi ka har ranar kare kundi.

Garin da ba a buɗe ba yana zama lafiya a firiji na dogon lokaci. Idan ka fito da shi, bar kwalbar a rufe har sanyinta ya sake, musamman da damina, don kada raɓa ta sauka a kan garin. Kada ka yi ƙoƙarin auna miligiram ɗaya a sikeli. Garin ba shi da nauyi, da hunturu iska ta bushe yana tashi ya manne a cokali da takarda, kuma shaƙarsa illa ce gare ka. Zuba ruwan a cikin kwalbar da ya zo ka narka shi gaba ɗaya, da safar hannu da takunkumi.

Wane ruwa? Ruwan allura na cikin kwalbar da ba a fasa ba, ko sabuwar ledar ruwan gishiri na asibiti. Ruwan da aka tace aka tara a jarka ba zai yi ba ko da an dafa shi a tukunyar tururi. Digiri 121 na minti 15 yana kashe bakteriya, amma gubarsu tana nan daram. Haka kwalaben gilashi: sai an gasa su a busasshen zafi na digiri 250 na minti 30 kafin gubar ta lalace. In tandarka ba ta kai nan, yi amfani da sababbin bututun roba da aka rubuta ba su da endotoksin. Ƙurar hunturu ma tana ɗauke da ita, don haka rufe taga, kashe fanka, kada ka bar komai a buɗe. Dalilin wannan tsanani shi ne ɓerayen da za ka yi wa allurar ruwan gishiri zalla. Idan ruwan nasu da guba a ciki, su ma za su yi zazzaɓi, bambancin da kake nema ya dushe.

A ce kwalbarka miligiram 10 ce. Zuba mililita 10, ka samu miligiram 1 a kowace mililita. Girgiza ta a na'urar girgizawa sosai, minti 15 ba su yi yawa ba, domin LPS ba ta narkewa kamar gishiri, tana tattaruwa ne ƙulli-ƙulli a cikin ruwa. Daga nan raba ta nan take: rabin mililita a kowane bututu, bututu 20. Idan tsarin aikinka miligiram 1 ne ga kowane kilo, ɓera mai giram 200 zai ɗauki mililita 0.2, ka ga bututu ɗaya ya ishi ɓera biyu har da ragowa. Lissafa girman rabon daidai da abin da za ka ƙarar a yini ɗaya.

Rubuta a jikin kowane bututu, ba a murfi kaɗai ba: suna, ƙarfi, kwanan wata, lamba. Alƙalamin ya zama wanda sanyi da sipirit ba sa gogewa. Sai firiza.

Ƙa'idoji biyu ne daga nan, kuma ba na sassauta su ga kowa. Bututun da ya narke sau ɗaya ba ya komawa firiza. Sannan ba a ajiye haɗin da aka tsinka. Bangon kwalba yana kama wani abu daga cikin gubar. Idan haɗin mai kauri ne asarar ba ta taka kara ta karya ba, idan kuwa tsinkakke ne, abin da bango ya riƙe yana iya zama babban rabo na duk abin da ke ciki. Abin da ya sami ɗalibar nan ke nan. Tsinka da safen ranar allura, ka girgiza kafin ka tsinka, ka girgiza bayan ka tsinka, ragowar ta tafi.

Wanda ke aiki da manyan dabbobi ya ƙara kula. Ɓera yana jure LPS ƙwarai, amma zomo da tunkiya da saniya da doki abu kaɗan ke tayar musu da zazzaɓi, haka ma mutum. Mai gwada ciwon hantsa a jar akuyar Sakkwato zai yi aiki ne da haɗi tsinkakke sosai, inda ɗan kuskuren ajiya ke zama babba.

Mataki na huɗu: matattun ƙwayoyi da haɗin Freund

Idan kai za ka kashe ƙwayoyin da zafi, ƙirga su tun suna da rai, domin bayan sun mutu babu abin da zai tsiro ka ƙirga. Bayan ka kashe, shafa kaɗan a farantin aga, wato daskararren abincin da ake noma ƙwaya a kai, ka bar shi kwana biyu a inkibeta, akwatin ɗumin da ƙwaya ke girma a ciki, ka tabbatar babu abin da ya fito. Sannan ka raba ka daskarar. Narkewa da daskarewa a kai a kai yana fasa ƙwayoyin, abin da ke cikinsu ya zubo cikin ruwa. Jikin dabba kuwa ba ya amsa cikakkiyar ƙwaya kamar yadda yake amsa tarkacenta. Haka gutsattsarin bangon Streptococcus da ake tayar da ciwon gaɓɓai da su: girman gutsuren yana da hannu a irin kumburin da za a gani, kuma in sun daɗe a ajiye suna curewa, sai an bi umarnin kamfani wajen warware su kafin allura.

Haɗin Freund firiji yake so, ba a daskarar da shi. Matsalarsa ɗaya ce kuma kullum ana manta ta: ƙwayoyin suna kwantawa a gindin mai. In ba ka girgiza ba, ɓeran farko mai zalla zai samu, na ƙarshe ya kwashi laka. Ƙafa ɗaya ta ƙi kumbura, ɗaya ta kumbura fiye da kima, ka zauna kana zargin ɓeraye. Girgiza kafin kowace zuƙa, ba sau ɗaya da safe ba. Ka kuma kiyayi yatsanka, domin wannan allura in ta soki mutum tana barin ciwo mai wuyar warkewa.

Mataki na biyar: ƙwayoyi masu rai

Al'adar da na fi yaƙi da ita ita ce ta dasa ƙwaya daga faranti zuwa faranti duk mako, wata da watanni, wai don kada ta mutu. Ba ta mutu ba, amma ba ita ce wadda ka fara da ita ba. Allurar BCG da ake yi wa jariranmu a dantse shaida ce: Calmette da Guérin sun yi ta dasa ƙwayar tarin shanu har sau 230, daga 1908 zuwa 1921, har ta rasa ƙarfin sa cuta. Su da gangan suka yi. Ƙwayar da ta saba da daɗin faranti tana zubar da kayan faɗanta a hankali, kai kuma ba za ka gani da ido ba.

Ga yadda za ka yi. Ranar da ƙwayar ta zo hannunka, shafa ta a faranti, ɗauki tsiro guda tilo, wato ɗigo ɗaya na ƙwayoyin da suka fito a farantin, tabbatar da ita ta hanyar rinin Giram, mai raba bakteriya gida biyu ta launi, da sauran gwaje-gwajen tantancewa, ka noma ta dare ɗaya. Haɗa da gilisarol, ruwa mai kauri da ke kare ƙwaya daga illar ƙanƙara, har ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100, raba a bututu da yawa, ka kai firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Ware wasu a matsayin uwa, ba a taɓa su sai za a yi sababbin na aiki. In zai yiwu, ajiye uwar a firiza biyu a gini daban-daban. Idan za ka ɗiba, kada ka bari bututun ya narke: kankari saman ƙanƙarar da tsinken shafawa, ka mayar nan take. Kada tazarar da ke tsakanin uwa da abin da zai shiga jikin dabba ta wuce dashe biyar. Firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili tana riƙewa na ɗan lokaci ne kawai, ƙwayoyin suna raguwa a ciki. Ƙwayar da aka noma a kan aga cikin bututu aka sa a firiji kuma ta makonni ce.

Ranar allura, noma ta tsawon awoyi iri ɗaya kowane karo, domin ƙwayar da ke ganiyar hayayyafa da wadda ta tsufa a romo, wato ruwan abincin da ake noma ta a ciki, ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wanke ta da ruwan gishiri, ka daidaita duhun da ƙwayoyin suka sa wa ruwan. A ma'aunin wannan duhu da ake kira McFarland, 0.5 yana nuna kusan ƙwaya miliyan 150 a mililita, amma ido da na'ura ba sa bambanta rayayya da matacciya. Saboda haka dole ka ƙirga a faranti. Tsinka goma-goma, ka shafa mililita 0.1, ka ƙirga farantin da ke da tsiro tsakanin 30 da 300. In farantin da aka tsinka sau miliyan ya ba ka tsiro 150, to asalin haɗin yana da biliyan 1.5 a mililita.

Shafa faranti ɗaya kafin allurar farko, wani bayan ta ƙarshe. Tsakaninsu haɗin ya zauna a kan ƙanƙara, in dai ƙwayar tana jure sanyi, kuma a gama cikin awa ɗaya ko biyu. Ka tuna inkibeta digiri 37 take, bencinmu kuwa da bazara yana kai haka ko ya wuce. E. coli a romo mai kyau tana ninka kanta cikin kusan minti 20. Ka bar ta a benci ka tafi sallah ka dawo, adadin da ka rubuta ya zama tarihi. Duk wannan aiki a ɗakin da aka tanada don ƙwayoyin cuta ake yinsa, ƙarƙashin wanda ya ƙware.

Mataki na shida: tsara allurar yadda ajiya ba za ta shiga sakamako ba

Ko ka yi duk abin da ke sama, haɗin zai ɗan canza da lokaci. Maganin wannan yana cikin tsari. Kada ka taɓa yin rukuni ɗaya yau, wani bayan wata. Kowace ranar aiki ta ƙunshi dabbobi daga kowane rukuni: masu ruwan gishiri zalla, masu guba ba magani, masu guba da sanannen magani, masu guba da abin da kake gwadawa, duk daga bututu ɗaya ko bututun da aka haɗe wuri guda. Rubuta lambobin dabbobi a 'yan takardu ka jefa ƙuri'a, ita za ta raba su rukuni, ita za ta faɗi wanda za a fara yi wa. Mai auna kaurin ƙafa ko zafin jiki kada ya san wane rukuni ne a hannunsa.

Riƙe lokaci da agogo. Bayan allurar LPS, sinadarin kumburi da jiki ke fitarwa mai suna TNF-alfa yana kai ƙololuwa a jini cikin awa ɗaya zuwa biyu ya sauka, ɗan'uwansa IL-6 yana biyo bayansa. Jinin da aka ɗiba a makare zai nuna kamar haɗin ya yi rauni alhali lafiyarsa lau. Ɗakin dabbobi kuma ana so ya zauna tsakanin digiri 20 da 26. Ɓeran da zafin Sakkwato ya riga ya galabaitar ba zai ba ka zazzaɓin da za ka dogara da shi ba. Yi aikin da sassafe, ka rubuta zafin ɗakin kowace rana.

Kafin babban gwaji, da kuma duk lokacin da ka buɗe sabon zubi, gwada haɗin a kan dabbobi kaɗan, da izinin kwamitin kula da haƙƙin dabbobin bincike. Wasu ɗalibai suna ganin wannan ɓarnar ɓeraye ce. Ni a wurina ɓarnar ita ce a wahalar da dabba arba'in da allurar da ba a san ƙarfinta ba. Rayuka ne aka ba mu amana, kuma haɗin da ya fi ƙarfin da aka zata yana kashe su cikin wahala. Ka rubuta tun farko alamun da in ka gani za ka dakatar ka sauƙaƙa wa dabbar.

A babin hanyoyin bincike na kundinka, faɗi nau'in ƙwaya, kamfani, lambar zubi, ruwan da ka narka da shi, sanyin da ka ajiye, kwana nawa ya yi, sau nawa ya narke, da adadin da faranti ya nuna ranar allura. Wanda zai maimaita aikinka a Zariya ko Maiduguri da waɗannan zai gane dalilin da nasa ya bambanta da naka.

Idan ka zo da safe ka tarar firiza ta narke

Kada ka mayar da murfi ka yi shiru. Rubuta kwanan wata da abin da ma'auni ya nuna. Garin LPS da ba a buɗe ba, da wuya dare ɗaya ya yi masa wani abu. Bututun LPS mai kauri da suka narke amma suna da sanyi, sa musu alama, ka gwada ɗaya a kan dabbobi kaɗan kafin ka yarda da sauran, kuma kada ka gauraya sakamakonsu da na baya ba tare da ka faɗa ba. Ƙwayoyi masu rai da suka narke, koma wa uwar da ke ɗaya ginin ka yi sababbi. Duk wani tsinkakken haɗi da ka samu a ciki, da duk bututun da rubutunsa ya goge, su shiga tukunyar tururi, daga nan a kai su wurin ƙona sharar ɗakin gwaji tare da sirinji da safar hannun ranar.